Shuɗiyar Tabarma Daga Indiya

Akwati ɗaya. Jakar hannu. Takardar shaidar gama karatu, a cikin leda biyu. Man zafi kwalba shida, na Baba. Yadin Indiya uku na Mama, waɗanda na san a ƙasan akwati za su ƙare. Agogon hannu na Filibus, wanda zan aura. Sai tabarmar roba shuɗiya, a naɗe, na ɗaure ta da igiyar takalmi.

Abin da na dawo da shi ke nan bayan shekara biyar. Na lissafa muku ne don ku ga cewa a cikin kayan nan bakwai, wanda ya fi kowanne araha shi ne ya tsayar mini da aure.

Mun haye gadar Tamburawa, bas ta miƙi hanyar Kura, sai tsohuwar da ke kusa da ni ta kai hannu ta shafa tabarmar da ke kan cinyata.

"'Yar nan, daga Makka?"

"Daga Indiya, Iya."

"Ashe su ma suna yin darduma."

"Ba darduma ba ce."

"To, Allah ya karɓi ibada."

Na ce amin. Ba a musu a cikin bas mai mutum goma sha takwas da kwandon tumatir tara.

Sunana Afiniki, 'yar fari a gidan Tambaya. Mu Hausawa ne, kuma Kirista. In kun yi mamaki, ba ku ne farau ba. A Indiya na yi shekara biyar ina bayanin inda Kano take. A Kano na yi shekara ashirin ina bayanin yadda aka yi Bahaushiya take zuwa coci. Ƙauyenmu yana bakin kanal, tsakanin Kura da Bunkure. Gida arba'in da 'yan kai, goma sha ɗaya namu, sauran na Musulmi. Rijiyarmu ɗaya, injin niƙanmu ɗaya, rigimarmu ma ɗaya ce: wa ya buɗe ruwa ranar da ba tasa ba.

Gashin ƙashi na karanta, a makarantar wani asibitin mishan a kudancin Indiya. Ikkilisiya ce ta nemo mini gurbin. Na tafi na bar Filibus yana shirin shiga makarantar tauhidi, na dawo na tarar ya gama, yana mataimakin Rabaran a cocinmu, yana jiran a ba shi tasa ikkilisiyar a wajen Garun Mallam. Ba a cika ba tuzuru ikkilisiya ba. An riga an yi gaisuwar iyaye. Abin da ya rage shi ne sanarwa a coci, Lahadi uku a jere, sai ɗaurin aure.

Akwai abin da gida ba su sani ba. A shekarata ta biyu babur ya kwashe ni a bakin titi, na ji rauni a baya, na yi wata uku a kwance. Na rubuta wa su Baba cewa zazzaɓi ne. Filibus kaɗai na gaya wa gaskiya. Wadda ta tashe ni wata tsohuwar nas ce, Sista Mariyamma, Kirista mai gicciye a wuya, mai faɗa kamar ta ci mutum. Ita ta koya mini yoga, motsa jikin nan na Indiyawa. Rabin awa kowace safiya. In na yi, ni mutum ce kamar kowa. In na tsallake kwana uku, ba na iya sa takalmi da kaina.

Ɗan acaɓa ya sauke ni a ƙofar gida da la'asar. Mama ta fito da atamfar Zumuntar Mata, ɗaurin ɗankwalinta ya karkace don sauri. Ba ta taɓa kiran sunana ba tunda ta haife ni, ba ta fara ranar ba.

"Ke, haka suka bar ki kika rame?"

"Na yi ƙiba fa, Mama."

"A ina?"

Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwani, ta buɗe: soyayyen naman layya, na gidan maƙwabcinmu Malam Sammani, wata uku tana ɓoye mini shi daga ƙannena. Baba yana gindin darbejiya da rediyonsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Uwata, sannu da hanya." Sunan mahaifiyarsa na ci, wanda aka ba ta ranar baftisma. Ya karɓi man zafin, ya karanta rubutun jikin kwalbar a juye, ya ce da alama mai kyau ne.

Ɗakina kuwa ya zama rumbu. Buhun shinkafa shanshera goma sha biyu, injin ban-ruwa da ya lalace, da gadona a matse a lungu. Rufin kwano, watan Maris. Babu inda zan miƙe hannu ban daki buhu ba.

Shi ya sa washegari na fito tsakar gida. Wuri ɗaya ne mai santsi a gidanmu, simintin da ake shanya shinkafa. Na share, na shimfiɗa tabarmata. Dogon wando, riga har gwiwa, ɗankwali. Na fuskanci gabas, don haka aka koya mini. Na tsaya, na ɗaga hannu, na sunkuya, na kai goshi ƙasa, na ɗago, na sake.

Ku da kuke karantawa kun riga kun gano. Ni ban gano ba. Shekara biyar ta ishi mutum ya manta yadda abu yake a idon mutanen garinsu.

Katangar da ke tsakaninmu da gidan Malam Sammani ta zube da damina, aka kafa zana a wurin. Zanar tana da ido.

Rana ta huɗu, matarsa Inna Kulu ta shigo da kwanon kunu da baƙar leda a hammata. Ta gaisa da Mama, ta tambayi tumatir, ta yi wa farashin taki Allah wadai, sannan ta yafito ni.

"Afiniki, zo nan bayan rumbu."

Na je. Ta duba hagu, ta duba dama, ta cusa mini ledar. Hijabi ne, ruwan toka, an goge shi.

"Ba wanda zai ji daga bakina. Na san halin babanki. Amma gaskiya ɗaya zan gaya miki, wanda ya koya miki sallar nan ya cuce ki."

"Inna, ai ba salla ba ce."

"Ai na gani ba salla ba ce! Ruku'u ɗaya, sujada huɗu, ga ƙafa a baya kamar mai shirin tsere. Kuma rana ta riga ta fito. Ki zo bayan azahar in gyara miki a hankali."

Na yi mata bayani. Motsa jiki ne, na ciwon baya. Ba addinin kowa na shiga ba.

"Ciwon baya?"

"E."

"Shi ne sai an kalli gabas?"

"Haka aka koya mini."

Sannan ta miƙo hannu. "To kawo hijabin, dama na Rauda ne, ba ta san na ɗauka ba." Har ta juya ta dawo. "In yana maganin ƙugu, ki nuna mini wanda ake yi a zaune."

Gaskiya ne Inna Kulu ba ta gaya wa kowa ba, sai 'yarta Rauda, tun rana ta biyu. Rauda ma ba ta gaya wa kowa ba, sai layin injin niƙa. A layin akwai Mama Saraya, uwar Zumuntar Mata ta cocinmu.

Kafin azahar wayata ta yi ƙara. Filibus.

"Afi gud pm. Naji wata magana. Plz kice min karya ce."

Na rubuta: "Wace?"

"Wai kin musulunta a India."

"A'a. Yoga nake yi. Ka sani ai."

Minti goma babu amsa. Sai: "A tsakar gida?? Kar ki sake fadawa kowa sunan nan. Ina zuwa."

Ya makara. Na riga na gaya wa Mama Saraya da bakina, da ta shigo gidanmu tana haki, mayafi a hannu. Na ɗauka ina kashe wuta ne. Ta zauna a kan turmi ta ce, "Yo me?" Na maimaita. Ta ce, "Na masu bautar saniya?" Ta tashi ta fita, ba ta ko sha ruwan da Mama ta kawo ba.

Ranar Talata da yamma aka kira ni ofishin Rabaran Ibrahimu, aka ce in zo da tabarmar. Na sa atamfa ruwan goro, riga da zani, na sa wando a ciki don na san abin da za a ce in yi. Rabaran yana bayan teburinsa. Dattawan ikkilisiya huɗu a benci, Baba na ƙarshe a gefe, hularsa a gwiwa. Mama Saraya a kujerar roba. Filibus a tsaye a bakin taga da littafin rubuta bayanin taro, ya sa agogon da na kawo masa.

Rabaran mutum ne mai sanyi. Shi ya yi mini baftisma a kanal ɗin nan.

"'Yata, ba shari'a muke yi ba. Nuna mana mu gani."

Na shimfiɗa tsakanin tebur da kabad. Na yi zagaye ɗaya.

Wani dattijo ya ce, "Ni dai na ga kamar abin da sojoji suke yi."

Rabaran ya ce, "Yana da suna, wannan da kika yi?"

Filibus ya ɗago ya kalle ni. Na gane kallon. Cewa yake: ki ce motsa jiki.

"Gaisuwar rana ake ce masa, Baba Rabaran."

Filibus ya mayar da ido kan silin.

Rabaran ya jawo wata ƙasida daga aljihun tebur, ta sha hannu har ta yi laushi. "A nan an ce kowane sunkuyo akwai sunan abin bauta da ake kira. Haka ne?"

"Masu addinin suna kiran sunayen rana goma sha biyu. Na ji su da kunnena. Ni ba na kira. Wadda ta koya mini ma ba ta kira, Kirista ce."

"To ke me kike faɗa?"

"Numfashi nake ƙirgawa. Wani lokaci Addu'ar Ubangiji. Tana cika zagaye biyu daidai."

Mama Saraya ta tafa hannu. "Kun ji ko? Ta auna addu'a kamar gero!"

Aka ce in jira a waje. Na zauna a kan bulo ina kallon motocin tumatir suna wucewa Kwanar Gafan. Bayan awa ɗaya aka kira ni. Rabaran bai ɗaga murya ba. Ya ce ba su ce ni mai bautar gumaka ba ce. Amma ikkilisiyar nan ƙarama ce, kakanninmu jiya-jiya suka fito daga tsafi, akwai masu raunin bangaskiya, kuma matar fasto kowa ita yake kallo. Saboda haka ranar Lahadi in kawo tabarmar, a ƙone ta a bayan coci, in tsaya gaban jama'a in ce na bari. Daga nan sai a yi sanarwar farko. In na ƙi, horo: wata shida a bencin baya, ba Jibin Ubangiji, ba sanarwa. Ikkilisiyar Garun Mallam kuma ba za ta jira wata shida ba.

Baba ya sa hularsa ya fita.

Na ce zan gwada dainawa kafin Lahadi. Ba don na yarda ba. Ina so in gani ko bayana ya warke ban sani ba. Na naɗe tabarmar na jefa a kan buhunan shanshera. Laraba lafiya. Alhamis na ji kamar an ɗaura mini igiya a ƙugu.

Ranar Juma'a da safe na bi Baba gona. Ranar ruwanmu ce. Yana tsaye a bakin ƙaramin kanal yana jera tiyo, ruwa na gangarawa fangali-fangali. Na riƙe masa fartanya.

"Baba, naman da Mama ta ajiye mini, na layya ne."

"Na sani."

"Kowace shekara kana ci."

"Ina ci. Mu ma muna kai musu shinkafar Kirsimeti."

"To ai shi ma na wani addinin ne."

Ya gyara tiyo ɗaya da ya toshe, ya girgiza shi har ruwa ya kama.

"Malam Sammani da zai yanka, na san wanda ya ambata. Na ji shi ta kan katanga shekara talatin. Naki fa, wa aka ambata a kansa ranar da aka ƙirƙiro shi?"

Na san amsar, kuma ba ta taimake ni ba.

Sai na gaya masa zancen babur. Wata uku a kwance, da yadda aka riƙa juya ni kamar waina.

"Kika ce zazzaɓi."

"Ban so ku damu ba."

"Hm."

Ya zauna a kan gaɓa, da ƙyar, hannu a ƙugu. Shi ma nasa bayan ya daɗe da lanƙwashewa.

"Ina da shekara goma sha tara na ƙone kayan babanmu. Tukunya, ƙaho, wata baƙar riga. A gindin tsamiyar can. Ni na ƙyasta ashanar. 'Yan'uwana suka yi shekara goma sha ɗaya ba sa amsa gaisuwata. Kin san abin da babanmu yake cewa? Wai ba tsafi ba ne, magani ne. Kuma yana warkar da mutane, Uwata. Na gani da idona. Ba don ba ya aiki na ƙone ba."

"Ni ba na kiran kowa, Baba."

"Na yarda. Amma idan kin fuskanci rana kin kai goshi ƙasa, gaban wa kike?"

"Ba kowa."

"To me ya sa sai rana?"

Na ci jarrabawar ƙashi da jijiya a gaban farfesoshi uku. Wannan tambayar ta manomin da bai gama aji huɗu ba ta kayar da ni.

Asabar da safe na farka, na kasa tashi. Sai da na mirgina na dafa buhu. Na sa riga da dabara, na ɗaura zani. Takalmin ne ya gagara, mai maɗauri a baya. Na zauna a bakin gado ina kallonsa, shi ma yana kallona.

Mama ta shigo ɗiban shinkafa. Ta gan ni. Ba ta tambaya ba, Baba ya riga ya gaya mata. Ta ajiye kwano, ta durƙusa, ta kama ƙafata ta sa mini takalmin kamar ranar da za a kai ni aji ɗaya.

"Ke, ni ban yi makarantar tauhidi ba," ta ce, tana ɗaure na biyun. "Amma shekara ashirin da takwas ina durƙusa wa babanki in ajiye masa tuwo. Ban taɓa bauta masa ba ko sau ɗaya. Shi ma ya sani."

"Ki gaya wa Mama Saraya."

"Ni? Ina da mitin da ita ran Laraba."

Ta ɗauki kwanonta ta fita.

Da la'asar Filibus ya zo. Na ji ƙarar babur ɗinsa tun daga gadar kanal. Farar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana yanka, da laktaye a wannan zafi. Muka zauna a zaure, shi a kujera, ni a tsaye na jingina da bango, don zama ya fi ƙarfina. Ya duba agogo. Na ga leɓensa yana motsi. Shekara biyar in ya duba agogo sai ya ƙara awa huɗu da rabi, ya san ko na tashi daga aji. Har yanzu bai daina ba. Na faɗa muku wannan don kada ku ɗauka mugu ne.

"Afi, na samo mafita."

"Ina ji, Fasto."

"Ki daina ce mini Fasto in za mu yi maganar gaske. Tabarma suke so. Ki ba su. Roba ce. Ki tsaya ki faɗi abin da aka ce, minti ɗaya ne. Gidan fasto na can ɗaki biyu ne, na je na gani, ƙofar ciki tana da sakata. Bayan biki ki shiga ki kulle ki yi abinki a kan tabarmar kaba. Wa zai gani? Ni zan riƙa tsaya miki a bakin ƙofa ma."

Ya yi murmushi. Ya kwana biyu yana gina wannan, ya kawo mini shi kamar tsaraba.

"Kai a ganinka zunubi ne?"

"Ba wannan ce maganar ba."

"Ita ce."

"Malamai sun rabu. Wasu sun ce jiki ne kawai, tushen ba ya bin mutum. Wasu sun ce ba a raba abu da tushensa. Mun yi muhawara a kai a aji uku, da zancen naman da aka yanka wa gumaka."

"Wane ɓangare ka tsaya?"

"Ni ne mai kula da lokaci."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ina so a yi sanarwa gobe." Ya sassauta laktayen. "Shekara biyar, Afi. 'Yan mata uku mahaifiyata ta kawo mini, ɗaya har da kwanon dambu. Abokan karatuna duk sun sami wuri. Ni ina nan ina share wa Rabaran ofis ina buga ƙararrawa. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ya faɗa. Bai taɓa ba.

"Wato in tsaya gaban bagade in ce na bari, alhali ban bari ba."

"Kalma ce kawai."

"A gaban Baba."

"Don zaman lafiya."

"Kai kuma kana zaune a can sama kusa da Rabaran, ka san ƙarya nake yi, ka ce amin."

Ya gyara maɗaurin agogonsa.

"Filibus, yogar nan ban sani ba ko zunubi ce. Kwana huɗu ina juya ta, ban sani ba. Kai ka yi shekara huɗu, ba ka sani ba. Ƙarya kuwa tun makarantar Lahadi aka gama mana bayaninta."

"To ki bari da gaske mana!"

Na nuna masa takalmina. "Mama ce ta sa mini wannan yau da safe."

Ya kalli takalmin. Ya kalle ni yadda nake tsaye, a karkace kamar ƙofar da ta saki. Ya sani. Shi ne wanda na rubuta wa wasiƙa a kwance, da fensir, takarda a kan ƙirji.

"Me zan ce wa Rabaran?"

"Ba kai aka tambaya ba."

Ya tashi. Ya yi addu'a kafin ya tafi, gajeriya, don bai iya barin wuri ba addu'a ba. Na ce amin. Babur ɗin ya ƙi tashi sai a bugu na biyar, na tsaya ina ji, ban leƙa ba.

Bangon zaurenmu na laka ne, amma bai kai rufi ba. Da na shiga, Baba yana zaune a bayansa daidai, rediyo a kashe a cinya. Ban iya durƙusawa ba, na dafa darbejiya na ɗan rusuna.

"Baba."

"Na'am."

"Gaisuwar rana na bar ta daga yau. Ba don na tabbata ba. Ka yi mini tambaya na kasa amsawa, ba zan ci gaba da abin da na kasa amsa maka ba. Gabas ma na bar ta. Sauran kuwa, na miƙe baya da numfashi, ba zan bari ba, kuma ba zan ce na bari ba."

"Tabarmar fa?"

"Ba ta yi komai ba."

Ya juya rediyon a hannunsa.

"Bencin baya ke nan."

"E."

"Kin san ni ne mai nuna wa mutane wurin zama."

"Na sani."

"Shekara goma sha shida ina kai 'ya'yan mutane bencin nan." Daga gidan Malam Sammani ana jin Inna Kulu tana yi wa awaki faɗa. "Ban ce kin yi daidai ba, Uwata. Ni da ni ne, da na ƙone."

"Na sani, Baba."

"Bencin ba shi da majingina. Ki tafi da matashi."

Ya kunna rediyonsa.

Na shiga ɗaki. Na jawo tabarmar daga kan buhu da ƙugiyar lema, don hannuna ba ya kaiwa. Na jingine ta a bakin ƙofa inda zan gan ta da safe. A kan simintin shanya zan shimfiɗa, inda na saba, sai dai zanar Inna Kulu zan fuskanta. Dama ta ce in nuna mata na zaune.

Waya ta yi ƙara.

"Afi plz kiyi tunani. Akwai lokaci har 9am. Zan iya zuwa in dauki tabarmar da kaina, ba sai kin rike ba. I luv u."

Na karanta sau biyu. Na tura ƙofar da ƙafa ta rufu. Na tsaya a tsakanin gado da buhuna na rubuta masa:

"Gobe zan zo coci karfe tara. Hannuna matashi ne, ba tabarma ba. Zan zauna a bencin baya wata shida. Yana daukar mutum biyu."